Yadda Ake Haɗa Wutar Sola ta Gida da Layin Ƙungiyar Gama Kai ta Lantarki a Karkarar Amurka

Ba abin da ke ɓata wa mai gida rai irin ya kashe dalolinsa, a jera masa farantan sola a kan rufi, rana tana dukansu daga hantsi har la'asar, amma makunni yana kashe saboda takardar izini ba ta fito ba. Wani ya kwashe makonni a haka. Wani ma a ce masa sai ya biya kuɗin canza taransifoma, abin da bai taɓa sa wa a lissafi ba. Idan ka bi diddigi, kusan kullum dalilin ɗaya ne: an sayi kaya kafin a zauna da masu layi. A wannan harka takarda ce ke gaba, waya na biye da ita, kuma a haka na jera matakan da ke ƙasa.

Mataki na farko: ka san wanda ke ba ka wuta

A tsakiyar shekarun 1930, kusan gida tara cikin goma a biranen Amurka na da lantarki, amma a gonaki da kyar ka sami ɗaya cikin goma. Kamfanonin 'yan kasuwa sun ƙi jan waya zuwa karkara don ba riba. A 1935 Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa hukumar samar da lantarki a karkara, a 1936 majalisa ta yi dokar da ta ba da damar a ba manoma rance mai sauƙi. Manoman suka haɗa kai, suka ci bashi, suka kafa turaku da kansu. Daga nan ƙungiyoyin gama kai na lantarki suka samo asali. A yau sun kai kusan 900, suna ba mutum miliyan 42 wuta a jihohi 48, kuma layukansu sun ratsa fiye da rabin faɗin ƙasar.

Wannan tarihi yana da amfani gare ka kai tsaye. Idan sunanka na kan mitar ƙungiyar gama kai, kai memba ne, kana cikin masu ita. Kai kake zaɓen kwamitin gudanarwa, kuma rarar kuɗin da aka samu ana rubuta maka kasonka a mayar maka bayan shekaru. Sai dai akwai ɗaya ɓangaren. A kowane mil na waya, ƙungiyar gama kai tana da masu amfani da wuta kusan 8 ne kacal, alhali kamfanonin birni suna da sama da 30. Kuɗin gyaran turaku, sare rassan bishiya da albashin ma'aikata duk a wuyan waɗannan mutane takwas yake. Shi ya sa idan ka je da maganar sola za ka ga suna taka-tsantsan. Wani lokaci taka-tsantsan ɗin ya wuce kima, ban musa ba, amma wanda ya san inda damuwarsu take ya fi samun biyan buƙata.

Abu na biyu: yawancin waɗannan ƙungiyoyi ba su samar da wuta. Saye suke yi daga wata babbar ƙungiya mai tashoshi da manyan layuka, irin su Basin Electric ko Tri-State, ko kuma daga hukumar TVA a yankin Tenesi. Yarjejeniyar da ke tsakaninsu kan ɗauki shekaru da dama, kuma takan tilasta wa ƙaramar ƙungiya ta sayi kusan duk wutarta daga babbar. A da, Tri-State ta daɗe tana iyakance abin da membobinta za su samar da kansu ga kashi 5 cikin ɗari. Ƙungiyar Kit Carson da ke Taos a jihar Niyu Meziko sai da ta biya dala miliyan 37 a 2016 kafin ta fita daga wannan ɗauri, ta shiga gina sola yadda take so. Saboda haka idan ma'aikaciyar ofis ta ce maka “hannunmu a ɗaure yake”, sau da yawa gaskiya take faɗa.

Mataki na biyu: ka karɓo takardu, ka yi tambayoyi

Ka kira ofis ko ka je da ƙafarka, ka nemi sashen kula da membobi ko injiniyan da ke kula da haɗa ƙananan na'urorin samar da wuta. Takardu uku kake buƙata: ƙa'idojin haɗa na'ura da layi, jadawalin farashi na masu sola, da fom ɗin neman izini. Ka karɓe su a rubuce. Maganar baki ta mai tallan sola da ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ba hujja ba ce.

Babbar tambaya ita ce: wutar da ta yi mini yawa na tura layi, nawa za a lissafa mini? Tsari biyu ne suka fi yawa. A na farko, mita tana yin ragi ne kawai. Ka tura yunit 300 da rana, ka ja 800 a wata, za a caje ka 500. Wato kowane yunit da ka tura darajarsa ɗaya da wanda ka saya. A tsari na biyu, abin da ka ja ana sayar maka a farashin kowa da kowa, abin da ka tura kuma ana saye a farashin sari, wato kuɗin da ƙungiyar za ta kashe da a wani wuri ta sayo wutar. Wannan kan kasance kaso ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na farashin da kake biya. Bambancin tsarin biyu shi ne zai yanke ko aikin zai biya kansa cikin shekaru kaɗan ko sai an yi ta jira.

Dokar jiha ma tana shigowa, kuma kowace da irin tata. A jihohi da yawa hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta ba ta da iko a kan farashin ƙungiyoyin gama kai, kwamitin gudanarwa ne ke yankewa. Amma wasu jihohin sun sa su cikin doka. Kolorado ta wajabta musu tsarin ragi ga gidaje har kilowat 10 tun 2008. Mizuri ta yi tata dokar a 2007, wadda ta shafi na'urori har kilowat 100, sai dai rarar da ta wuce abin da ka sha a wata a farashin sari ake lissafa ta. Minesota ta daɗe da tsarin ragi ga abin da bai kai kilowat 40 ba, amma tun 2015 ta yarda ƙungiyoyi su ɗora wa masu sola wani kuɗi na wata-wata. Teksas ba ta da dokar da ta tilasta wa kowa, kowace ƙungiya da nata tsarin. Sama da duka akwai dokar tarayya ta 1978 da ake kira PURPA, wadda ta wajabta wa masu layi su haɗa ƙaramin mai samar da wuta ta hanyar da ake sabuntawa, su kuma sayi rararsa a farashin sari. Wannan shi ne mafi ƙarancin haƙƙinka. Ba za a ce maka sam ba za a haɗa ba.

Sauran tambayoyin ka rubuto su a takarda kafin ka je. Mene ne iyakar girman da ake yarda da shi? Rarar da ta taru tana tsallakawa zuwa wata na gaba, ko tana ƙonewa a ƙarshen shekara, kuma a wane wata? Akwai kuɗin wata na musamman ga mai sola? Za a mayar da ni wani jadawalin farashi, misali wanda ake caji bisa mafi girman jan da na yi a lokaci guda? Ana buƙatar inshora, ta nawa? Nawa ne kuɗin fom? Wa zai biya sabuwar mita? Kuma wadda mutane suka fi mantawa: idan kwamiti ya canza tsari bayan na haɗa, zan ci gaba da tsohon, har tsawon shekara nawa? Matambayi ba ya ɓata.

Mataki na uku: lissafin girma

Ka tattaro takardun kuɗin wuta na wata goma sha biyu, ka haɗa yunit ɗin. Yunit ɗaya shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Matsakaicin gida a Amurka yana shan kusan 900 a wata, amma gidan karkara mai famfon rijiya, firiza biyu da na'urar ɗumama ɗaki na iya ninka haka a hunturu. Sannan ka shiga manhajar PVWatts, kyauta ce, cibiyar binciken makamashi ta gwamnatin tarayya ce ta yi ta. Ka sa adireshinka, ka sa inda rufin yake fuskanta da karkatarsa, za ta ba ka abin da kowane kilowat zai samar a shekara. A yawancin ƙasar yana tsakanin yunit 1,200 zuwa 1,600, ya fi haka a hamadar kudu maso yamma. Rufin da ke kallon kudu shi ya fi, na yamma ma yana da amfani idan da la'asar kuka fi shan wuta.

A nan zan ɗan tsaya, domin nan ne aka fi yin asara. Mu ɗauki misali, alƙaluman nawa ne don lissafi kawai, ka musanya su da naka. A ce ana sayar maka da yunit senti 13, ana sayen naka senti 4, kuma kowane kilowat yana ba da 1,400 a shekara. Ka sa kilowat 8, ka sami yunit 11,200. Idan tsarin ragi ne, duka a senti 13 suke, wato dala 1,456 a shekara. Idan kuwa tsari na biyu ne, labari ya canza. Da tsakar rana yara na makaranta, manya na wurin aiki, gida shiru, sola kuwa lokacin take kan ganiyarta. A ce kashi 40 cikin ɗari kuka sha kai tsaye: yunit 4,480 a senti 13, dala 582. Sauran 6,720 a senti 4, dala 269. Jimla dala 851.

Yanzu ka raba girman biyu, ka sa kilowat 4. Za ka sami 5,600. Da yake kaɗan ne, gida zai shanye kaso mafi yawa, a ce kashi 65. Yunit 3,640 a senti 13 dala 473 ne, sauran 1,960 a senti 4 dala 78, jimla dala 551. Ka duba da kyau: kilowat huɗun farko sun kawo 551, huɗun da aka ƙara sun kawo 300 kacal, alhali kuɗin sayensu kusan ɗaya ne. Mai talla zai so ya cika maka rufi, don ribarsa a yawan faranti take. Shawarata, idan a farashin sari ake sayen rararka, ka auna aikin da abin da gidanka ke sha da rana. Sai ka mayar da wanki, tukunyar ruwan zafi da famfon ban-ruwa zuwa tsakar rana. Ƙaramin agogon kunna tukunyar ruwan zafi da hantsi yana iya fin faranti biyu amfani.

Ka tuna kuma akwai kuɗin zama memba na wata-wata da ba ya motsi ko ka sha wuta ko ba ka sha ba. A ƙungiyoyin karkara yakan yi yawa fiye da na birni. Sola ba ta taɓa shi.

Mataki na huɗu: ka ɗaga kai ka dubi turke, ka buɗe akwatin bireka

A kan falwayar da ke kusa da gidanka akwai wata tukunya mai ruwan toka. Taransifomarka ke nan. Sau da yawa za ka ga lamba a jikinta da manyan baƙaƙe, 10 ko 15 ko 25, ita ce ƙarfinta. Ka tsaya a ƙasa ka ɗauki hoto da waya, kada ka kusanci komai. Idan inbatarka, wato na'urar da ke mayar da wutar farantan sola irin wadda gida ke amfani da ita, ta fi ƙarfin taransifomar, ko ta yi kusa da cika ta, ko kuna raba ta da maƙwabcin da ya riga ya sa sola, ƙungiya za ta ce sai an canza, kuma yawanci mai nema ne ke biya. Gara ka ji farashin yanzu da ka ji shi bayan ka sa hannu a kwangila. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da gidan da ke ƙarshen dogon layi. Kafin inbata ta iya tura wuta waje, dole ta ɗaga ƙarfinta kaɗan sama da na layi, kamar yadda ruwa ba ya gangarawa sai daga tudu. Idan wayar da ke tsakanin gida da taransifoma doguwa ce kuma siririya, ɗagawar tana yawa. Ma'aunin da aka amince da shi a gidaje shi ne bolt 114 zuwa 126 a layin 120, wato 228 zuwa 252 a layin 240. Ƙungiyoyin karkara kan ɗaga ƙarfi daga tasha don ya isa gidan ƙarshe. Idan naka yana 248 tun ba sola, da tsakar rana zai iya haurawa, inbata ta riƙa ragewa ko tana kashe kanta a daidai lokacin da rana ta fi kyau. Ka sa mai gyaran wuta ya auna a lokuta daban-daban na yini kafin a zana komai. Maganinsa yawanci waya mai kauri ce, ko ƙungiya ta daidaita taransifomar.

Sai akwatin bireka na cikin gida. A bayan murfinsa akwai takarda da aka liƙa mai nuna amp nawa sandunan cikinsa za su ɗauka. Kundin ƙa'idojin lantarki na ƙasa, NEC, a sashe na 705, ya ce babban bireka da na sola idan aka haɗa kada su wuce kashi 120 cikin ɗari na ƙarfin sandunan, muddin an sa na solar a ƙarshen da ke nesa da babban. Akwati mai amp 200 da babban bireka 200: iyaka 240 ke nan, saura 40 don sola. Bireka mai 40 kuwa amp 32 ake yarda ya ɗauka na dogon lokaci. Ka ninka 32 da bolt 240, ka sami kilowat 7.68. Shi ya sa za ka ga inbata mai 7.6 ta cika kasuwa. Tsohon gidan gona mai akwatin amp 100 kuwa 20 kawai ya rage masa, wato kilowat 3.8. Idan kana son fiye da haka, ko a rage babban bireka, ko a canza akwati, ko a haɗa solar tsakanin mita da akwatin. Wannan na ƙarshe sai da yardar ƙungiya, wasu ba su yarda a taɓa gidan mita ko kaɗan.

Mataki na biyar: mai aiki da kaya

Ka nemi farashi daga mutum uku aƙalla. Ka tambayi kowanne: ka taɓa haɗa aiki da wannan ƙungiyar, sau nawa? Wanda ya saba da kamfanin birni kawai zai iya kawo maka lissafin da aka gina kan tsarin ragi alhali ƙungiyarka ba ta yin sa. Ka ga lasisinsa na jiha da inshorarsa. Shaidar ƙwarewa ta NABCEP alama ce mai kyau. Inbata dole ta kasance mai shaidar UL 1741 kuma ta dace da ma'aunin IEEE 1547, wanda aka sabunta a 2018. Mai arha da ka gani a intanet ba tare da wannan shaida ba, ba wanda zai haɗa maka ita.

A cikin kwangila ka sa sharaɗi cewa idan ƙungiya ta ƙi amincewa, ko ta nemi gyaran layi da ya wuce wani adadi, za ka iya janyewa a mayar maka da kuɗinka. Kuma kada ka biya kason ƙarshe sai izinin kunnawa ya shigo hannunka. Game da rangwamen haraji na tarayya na kashi 30 cikin ɗari ga masu gida, dokar da aka sa wa hannu a watan Yulin 2025 ta rufe shi daga ƙarshen shekarar 2025. Duk wanda ya sa maka shi a lissafin sabon aiki, ka ce ya cire ku sake dubawa.

Mataki na shida: fom da jira

Fom ɗin yakan nemi lambar asusunka, zanen da ke nuna yadda wuta ke tafiya daga faranti zuwa inbata zuwa makatsi (abin yanke wuta da hannu) zuwa mita, taswirar fili, takardun bayanin kayan, da shaidar inshora idan ana buƙata. Mai aikin ne yakan cika, amma kai ne mai sa hannu, don haka ka karanta. Ka kira kamfanin inshorar gidanka ka gaya musu, su rubuto maka cewa sun sani. A gefe guda a nemi izinin gini da na wuta daga gunduma. A wasu gundumomin karkara babu sufeto, sai ƙungiya ta karɓi takardar shaida daga mai gyaran wuta mai lasisi.

Ƙaramin aiki na gida yakan wuce da dubawa ta sama-sama. Babba ko wanda ke kan layi mai rauni sai injiniya ya yi nazari, kuma za a iya cajinka. Ka jira amincewa a rubuce kafin a hau rufi.

Mataki na bakwai: aikin kansa, da ran mutumin da ke kan turke

Idan a ƙasa za a kafa farantan, kamar yadda aka fi yi inda fili ke da yawa, a kira lamba 811 kwanaki kaɗan kafin a haƙa rami, su zo su yi alama a inda waya da bututu suka bi. Idan a kan rufi ne, sashe na 690 na kundin ƙa'idoji yana buƙatar na'urar da ke sauke ƙarfin wayoyin rufi cikin daƙiƙoƙi, saboda 'yan kwana-kwana. Yawancin ƙungiyoyi kuma suna son makatsi a waje, kusa da mita, mai hannu da ake ja, wanda za a iya sa masa kwaɗo, kuma ma'aikaci zai iya isa gare shi dare ko rana ba tare da ya tsallake shinge ko ya gamu da kare ba. A liƙa masa alama mai ɗorewa da rana ba za ta goge ba.

Wasu na ganin wannan makatsi ɓarnar kuɗi ce tunda inbata tana kashe kanta. Ni ban ga haka ba, kuma ga dalili. Taransifoma ba ta san gaba da baya ba. Aikinta ta sauke bolt 7,200 na layi zuwa 240 na gida. Idan ka tura mata 240 daga ɓangaren gida, za ta ɗaga shi sau talatin ta mayar kan layi. Ka kwatanta dare bayan guguwar ƙanƙara. Wayoyi sun yi nauyi sun faɗi, turaku sun karye. Mutum yana cikin kwandon mota a sama, fitila a goshinsa, safar roba har gwiwar hannu, yatsunsa sun sandare, awa goma sha huɗu ke nan yana aiki. An gaya masa ta rediyo cewa an yanke layin daga tasha. Zai gwada, zai ɗaure wayar ƙasa kamar yadda aka koya masa, amma da ya ga alamar sola a taswirarsa, yana so ya je ya ja hannun makatsin nan, ya ga giɓin da idonsa, ya sa kwaɗonsa, ya jefa mabuɗin a aljihu. Ma'aunin IEEE 1547 ya wajabta wa inbata ta daina tura wuta cikin daƙiƙa biyu da ɗaukewar layi, kuma inbatocin zamani suna yin haka da aminci. Duk da haka wannan mutum, wanda watakila ɗansa ajinsu ɗaya da naka, ya cancanci abin da zai gani da ido. Kuma wannan ne ya sa haɗa sola ko janareta a ɓoye ba wayo ba ne, wasa da ran maƙwabci ne.

Mataki na takwas: dubawa, mita da izinin kunnawa

An gama aiki, kada ka kunna. Mai aikin zai iya gwadawa na ɗan lokaci, sannan ya kashe. Bayan maganar doka, akwai ta aljihu: wasu mitocin lamba da ba a saita su don sola ba suna ƙirga duk abin da ya ratsa su a matsayin sha, ko shiga ya yi ko fita. Wato za ka ba da wuta kyauta, a kuma caje ka a kanta.

Sufeton gunduma zai zo da farko. Idan ya amince, a tura wa ƙungiya takardarsa. Sai ma'aikacinsu ya zo, ya duba alamomi, ya duba lambar inbata ta yi daidai da ta fom, ya canza mita ko ya sake saita ta. Sau da yawa zai yi gwaji a gabanka: sola na aiki, ya ja makatsi, allon inbata ya nuna ta tsaya nan take. Ya mayar. Inbata ba za ta dawo a take ba, za ta ƙirga minti biyar tana sauraron layi ko ya daidaita. Ka tsaya ka ga wannan ƙirge, don ranar da wuta ta ɗauke ta dawo kada ka ɗauka lalacewa ta yi. Ka roƙe shi ya nuna maka yadda ake karanta mitar: lamba ɗaya abin da ka ja ce, ɗaya abin da ka tura. Ka rubuta duka biyu da kwanan wata. Bayan an sa hannu a yarjejeniya kuma takardar izini ta zo, sai ka kunna.

Bayan an kunna

Takardar kuɗin farko kan rikita mutane. Manhajar inbata ta ce ka samar da yunit 900, takarda ta ce ka tura 500. Ba a cuce ka ba. Sauran 400 gidanka ya shanye kafin su kai mita, ita kuwa abin da ya ratsa ta kaɗai take gani.

Ranar da layi ya ɗauke, solarka ma za ta ɗauke, ko da rana na tsaka. A karkara, inda gyara kan ɗauki kwanaki kuma ba wuta na nufin ba ruwan rijiya, wannan babban abu ne. Maganinsa batir tare da na'urar da ke raba gida da layi kafin ta kunna wutar cikin gida. Idan kana da niyyar batir nan gaba, ka faɗa tun wurin zaɓen inbata. Kuma duk lokacin da za ka ƙara batir, ƙara faranti ko canza inbata, sai ka sake sanar da ƙungiya. Idan za ka sayar da gida, ka tambaya ko yarjejeniyar tana bin sabon mai gida. Wanda kuma rufinsa ke cikin inuwa ko yake zaman haya, ya tambaya ko ƙungiyar tana da gonar sola ta gama-gari, inda memba ke sayen kaso a rage masa a takardarsa. Ƙungiyoyi da dama sun gina irinta.

Idan farashin da ake sayen rararka bai yi maka adalci ba, ma'aikaciyar ofis ba ta da ikon canza shi, kwamitin gudanarwa ne ke da shi. Sunan wakilin yankinka yana cikin mujallar da ƙungiya ke aiko wa membobi ko a shafinta. Ka nemi a ba ka lokaci a zaman kwamiti, ka tafi da alƙaluman shekara guda daga mitarka, ka nuna nawa ka tura a ranakun zafi da la'asar, lokacin da ƙungiya ke sayen wuta da tsada. Ka ɗauki maƙwabta biyu ko uku masu sola ku tafi tare. Ka kuma duba ranar babban taron shekara da ranar rufe karɓar sunayen 'yan takara, domin a yawancin ƙungiyoyi membobi kaɗan ne ke jefa ƙuri'a, kuma kujera kan tafi da tazarar da ba ta da yawa.